Mai Aikin Gilashi: Yadda Ake Nemansa da Yadda Ake Hulɗa da Shi

Ɗaga kai ka dubi tagar ajinku, ko ka tuna da ta ɗakin da kake kwana. Da wuya ka rasa gilashi a jikinta. Shi ne ke barin haske ya shigo, ya kuma tare ƙurar hunturu da feshin ruwan damina. Muddin yana nan lafiya, ba mai tunawa da shi. Sai ranar da yara suka jefe shi da dutse, ko iska ta buga taga da ƙarfi ya tarwatse, sannan mutanen gida za su fara tambayar juna wanda za a kira.

Wanda ake kira shi ne mai aikin gilashi. Sana'arsa ita ce auna gilashi, da yanka shi, da ɗaura shi a taga ko ƙofa ko kabad ko kan tebur, da kuma canja wanda ya fashe. A garuruwa da yawa na Nijeriya, mutum ɗaya ne ke haɗa firam ɗin alminiyam ya kuma sa masa gilashi, shi ya sa za ka ji ana ce masa "mai alminiyam". Wata rana kai za a aika ka nemo shi, gaba kuma kai ne za ka biya shi daga aljihunka. Kuskure a wannan aiki yana cin kuɗi, wani lokaci ma yakan jawo mummunan rauni. Saboda haka ya kamata ka san abin da za ka tambaya da abin da za ka lura da shi.

Da Me Ake Yin Gilashi?

Asalin gilashi yashi ne. Ana haɗa yashi mai tsabta da wani farin gari da ake kira soda, wanda ɗan'uwan kanwa ne, da garin farin dutse irin wanda ake yin siminti da shi. Sai a zuba su a babban murhu a hura musu wuta har zafin ya kai kimanin digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas. Ka tuna cewa ruwa yana tafasa ne a digiri 100 kacal. A irin wannan zafi haɗin yakan narke ya yi kauri kamar zuma, idan ya huce kuma ya daskare ya zama gilashi.

Narka gilashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Masu binciken kayan tarihi sun gano cewa an yi duwatsun ado na gilashi a Ile-Ife ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A garin Bida ta Jihar Neja kuma, mutanen Masaga sun shahara wajen yin mundaye da duwatsun wuya na gilashi. Amma shimfiɗaɗɗen gilashin taga a manyan masana'antu ake yin sa. Hanyar da aka fi bi a yau wani injiniya ɗan Ingila mai suna Alastair Pilkington ne ya jagoranci ƙirƙiro ta, aka kuma bayyana ta ga duniya a shekarar 1959. Ana kwarara narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a Jos. Da yake gilashin bai kai kuzar nauyi ba, sai ya kwanta a samanta kamar mai a kan ruwa, ya fito sumul, kaurinsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan.

Mai aikin gilashi na unguwarku ba ya yin gilashi da kansa. Manyan falle-falle yake sayowa daga 'yan kasuwa, ya yanka gwargwadon buƙatar kowane gida.

Ire-iren Gilashi

Kafin ka je wurin ma'aikaci, ka san cewa gilashi iri-iri ne, kuma kowanne da wurin da ya dace da shi.

Na farko shi ne gilashi na gama-gari. Ya fi sauran araha, kuma shi aka fi sa wa a tagogi. Aibinsa shi ne idan ya fashe yakan rabu dogaye-dogaye, masu tsini da kaifi kamar wuƙa.

Na biyu shi ne gasasshen gilashi. Bayan an yanka shi, ana sake gasa shi a masana'anta da zafin da ya haura digiri 600, sannan a sanyaya shi nan take da iska. Wannan yakan sa ya ninka na gama-gari ƙarfi kamar sau huɗu. Idan ya fashe yakan zube ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa, waɗanda ba su cika yin mummunan yanka ba. Sai dai da zarar an gasa shi, ba ya yankuwa kuma ba ya huduwa. Duk wanda ya gwada, gilashin zai tarwatse gaba ɗaya.

Na uku shi ne gilashi mai ruɓi biyu, wato falle biyu da aka manne da siririyar roba a tsakaninsu. Ko ya fashe, robar takan riƙe gutsattsarin, ba sa zubewa. Irinsa ne ake sa wa a gaban mota.

Akwai kuma gilashi mai hazo ko mai zane, wanda haske ke ratsawa amma ido ba ya ratsawa. Shi ya dace da banɗaki. Akwai mai launi da mai ƙyalli irin na madubi, waɗanda ke rage hasken rana. A nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Da rana, wanda ke waje ba ya ganin cikin ɗaki, domin hasken waje ya fi na ciki. Da dare kuwa, idan aka kunna fitila a ɗaki, abin sai ya juya: na waje ya ga na ciki, na ciki bai ga na waje ba. Don haka irin wannan gilashi ba ya hana sa labule.

A ƙarshe akwai luba, wato siraran gilasai da ake jerawa a taga, a buɗe su ko a rufe da ɗan hannu na ƙarfe. Amfanin luba shi ne tana ba iska hanya sosai, kuma idan ɗaya ta fashe ita kaɗai za a canja.

Da milimita ake auna kaurin gilashi. Na tagogin gida yakan kasance tsakanin milimita 3 zuwa 6, na ƙofa da kan tebur kuwa yakan kai 8 ko 10 ko 12. Yadda taga ta ƙara faɗi, haka take buƙatar gilashi mai kauri. Wuraren da mutum zai iya faɗawa a kai, kamar ƙofa, da wurin wanka, da tagar da ta yi ƙasa inda yara ke wasa, gasasshe ko mai ruɓi biyu ne ya dace da su, ko da kuwa sun fi tsada. Rigakafi ya fi magani.

Neman Ma'aikacin da Ya Dace

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Fara da maƙwabta da 'yan'uwa waɗanda aka yi wa irin wannan aiki. Kafintoci da magina da masu walda su ma sukan san wanda ya iya da wanda bai iya ba, domin sukan haɗu a wurin gini. Idan an ambata maka wani, nemi izini ka je ka ga aikin da ya yi da idonka, domin gani ya kori ji. Aikin da ya shekara ɗaya ko biyu ya fi sabo nuna gaskiyar ma'aikaci, tun da ya riga ya sha ruwan damina da zafin bazara.

Ka fifita ma'aikacin da ke da shago ko rumfa a kusa da ku. Dalilai uku ne. Na farko, gilashi ba ya son doguwar tafiya, musamman a hanya mai gargada. Na biyu, kuɗin ɗauko kaya zai ragu. Na uku kuma shi ne mafi muhimmanci: idan wani abu ya lalace bayan an gama aiki, ka san inda za ka same shi. Mutumin da ke zaune a cikin jama'a yana gudun ɓata sunansa, amma wanda ba a san mazauninsa ba yana iya karɓar kuɗi ya ɓace.

Idan ka je shagon, buɗe idonka. Shin gilasai suna jingine a tsaye bisa katako, ko an watsar da su a ƙasa? Shin shi da yaransa suna sa safar hannu da takalmi mai rufe ƙafa? Shin yana tambayarka inda za a sa gilashin kafin ya faɗi farashi? Wanda ya yanke maka kuɗi bai tambayi komai ba, ka yi hattara da shi.

Awo

Kada ka auna taga da kanka ka kai wa ma'aikaci lambobi a takarda. Ka bar shi ya zo ya auna. Idan awonka ne ya yi kuskure, asarar taka ce, idan kuwa nasa ne, shi zai ɗauka. Gilashi ba kamar yadi ba ne da tela zai ƙara masa ƙyalle. Idan ya gaza, ya gaza ke nan.

Gwanin ma'aikaci yakan auna faɗin taga a wuri uku, wato sama da tsakiya da ƙasa, haka ma tsawonta, sannan ya ɗauki awon da ya fi ƙanƙanta, domin ba kowane firam ne yake miƙe sosai ba. Daga nan sai ya rage kamar milimita 3. Dalili shi ne ƙarfe da gilashi sukan ɗan buɗe idan sun ji zafin rana, katako kuma yakan kumbura da damina. Gilashin da aka matse a firam ba tare da ɗan sarari ba yakan tsage shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi.

Awon ne kuma ke nuna kuɗi, domin da faɗi ake sayar da gilashi, ko dai da murabba'in ƙafa ko da murabba'in mita. Ga misali. Taga mai faɗin santimita 120 da tsawon santimita 90, idan ka mayar da su mita ka ninka 1.2 sau 0.9, za ka sami murabba'in mita 1.08. Kowane murabba'in mita na gilashi yana da nauyin kilo 2.5 a kan kowace milimita ta kauri. Ke nan idan kaurin gilashin wannan taga milimita 5 ne, nauyinsa zai kai kilo 13.5. Wannan lissafi yana nuna maka dalilin da ya sa tsohon firam da ya ruɓe ko ya yi tsatsa ba zai iya riƙe sabon gilashi mai kauri ba.

Ciniki da Yarjejeniya

Ka nemi farashi daga ma'aikata biyu ko uku, amma kada ka ruga wurin wanda ya fi sauƙi ido rufe. Araha ba ta ado. Mai yiwuwa sauƙin ya zo ne daga siririn gilashi ko tsohon da aka ciro daga wani gida. Karanta wannan hira tsakanin wata uwargida da mai aikin gilashi, ka lura da tambayoyin da ta yi:

Uwargida: Sannu da aiki, Malam.

Mai gilashi: Yawwa, sannu da zuwa, Hajiya. Ina gajiya?

Uwargida: Ba gajiya. Jiya ka auna tagar falonmu. Wane irin gilashi kake ganin ya dace?

Mai gilashi: Hajiya, tagar ta yi ƙasa, na kuma ga kuna da yara ƙanana. Gara a sa gasasshe mai milimita shida.

Uwargida: To, nawa ne kuɗin kaya, nawa ne na aiki?

Mai gilashi: Zan rubuta miki su daban-daban, har da kuɗin mota.

Uwargida: Idan ya fashe a hanya fa, ko a lokacin ɗaurawa?

Mai gilashi: Wannan a wuyana yake, har sai na damƙa miki aiki.

Uwargida: Madalla. Zan ba ka rabi kafin alƙalami, sauran kuma sai an gama.

Mai gilashi: Na yarda, Hajiya. Bari in rubuta miki rasidi.

Ka ga ba ta bar komai a duhu ba. Idan ana ciniki, mai saye yakan taya, wato ya faɗi abin da zai iya biya. Idan tayin bai yi wa mai sana'a ba sai ya ce "albarka", idan ya yi masa kuma ya ce "na sallama". Bayan an daidaita, a rubuta abubuwa biyar a takarda: irin gilashin, da kaurinsa, da yawan tagogin da awonsu, da jimlar kuɗi tare da abin da aka bayar, da ranar gama aiki. Kowa ya riƙe kwafi. Rubutu ba rashin yarda ba ne, yana kare ɓangarorin biyu ne daga mantuwa da jayayya.

Kada ka biya kuɗi duka tun ba a fara aiki ba. Haka kuma kada ka riƙe haƙƙin ma'aikaci bayan ya gama, domin shi ma da wannan kuɗi yake ciyar da iyalinsa. Idan gidan haya kuke zaune, a sanar da mai gidan tun da wuri, a kuma daidaita a kan wanda zai biya kafin a kira ma'aikaci.

Ranar Aiki

Kafin ma'aikaci ya iso, a cire labule, a janye kujeru, a kuma shimfiɗa tsohon buhu ko kwali a ƙarƙashin tagar. A fitar da yara da dabbobi daga wurin. Da zarar an sauke gilashin, duba shi kafin a ɗaura. Ɗaga ido ka kalle shi a haske ko akwai ƙarzuwa ko ɓallewa a gefe, domin ƙaramar ɓallewa ce ke zama doguwar tsaga daga baya. Nemi a auna kaurinsa a gabanka. Gasasshen gilashi yakan zo da ɗan tambari a kusurwa, sai ka nemi a nuna maka.

Idan za a yanka na gama-gari a gabanka, za ka ga abin sha'awa. Ba a yanka gilashi da zarto. Ma'aikaci yakan ɗora shi a shimfiɗaɗɗen tebur, ya aza miƙaƙƙen katako, ya ja layi sau ɗaya tak da wani ɗan ƙarfe mai ƙaramar ƙafa mai tauri a bakinsa. Wannan layi ƙarzuwa ce kawai. Sai ya danna gefe guda, gilashin ya ɓalle a kan layin. Bayan haka yakan goge bakin da dutsen wāshi don ya rage kaifi, musamman na luba da na kan tebur, inda hannu ke taɓawa kullum.

Wajen ɗaurawa, bai kamata gilashi ya zauna kai tsaye a kan ƙarfe ba. Ana sa roba a tsakaninsu, sannan a toshe gefuna da silikon ko wani abin liƙi domin kada ruwa ya shiga. Kada ka matsa wa ma'aikaci ya yi sauri. Sauri kan haifi nawa.

Karɓar Aiki

Kafin ka cika kuɗi, buɗe tagar ka rufe sau da yawa, ka ga ko tana tafiya ba tare da cijewa ba. Gwada makullinta. Danna gilashin a hankali da tafin hannu: idan yana motsi ko yana ƙara, bai zauna daidai ba. Watsa ruwa daga waje, wani ya tsaya a ciki ya duba ko yana yoyo. Ka tabbatar an kwashe gutsattsarin tsohon gilashin duka. Idan ka ga gyara, faɗa masa cikin ladabi a nan take. Idan kuwa aiki ya yi kyau, yi masa godiya, ka adana lambar wayarsa, ka kuma gaya wa wasu.

Kafin Ma'aikaci Ya Iso

Sau da yawa gilashi kan fashe a lokacin da ba za a sami ma'aikaci nan da nan ba. Abu na farko shi ne a hana kowa shiga wurin ba takalmi. Babban mutum ya sa safar hannu mai kauri ya ɗebe manyan gutsattsari, ya share ƙananan da tsintsiya, sannan ya bi wurin da jiƙaƙƙiyar takarda domin ta kwashe burbushin da ido ba ya gani. A naɗe su duka a kwali kafin a kai bola, saboda masu kwasar shara da yaran da ke yawo a can. A toshe tagar da kwali ko falle na katako. Idan tsagewa kawai ya yi, a manna masa salatif a kan tsagar har a sami canji, amma kada a ɗauka an gyara ke nan.

Idan wani ya yanke, a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun ko ƙafar sama. Idan babban gutsure ya nutse a jiki, kada a zare shi, domin jini zai ƙara zuba. A danne gefe da gefensa, a garzaya da mutumin asibiti.

Bayan an sa sabon gilashi, kula da shi ba wuya. A goge shi da ruwa da ɗan sabulu da laushin ƙyalle. Da hunturu a fara zuba ruwa kafin a goge, domin ƙura busasshiya tana ƙarzar gilashi. Idan hadari ya taso, a rufe tagogi a sa musu sakata tun iska ba ta iso ba.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Firam: ƙarfe ko katakon da ya kewaye gilashin taga.
Falle: abu guda mai faɗi marar kauri.
Gutsattsari: ƙananan ɓarin abin da ya fashe.
Kafin alƙalami: kuɗin da ake fara bayarwa kafin a soma aiki.
Taya: faɗin kuɗin da mai saye yake son biya.
Yoyo: ɗigowar ruwa ta wata kafa.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa uku da ake haɗawa a yi gilashi.
2. Me ya bambanta fashewar gasasshen gilashi da ta na gama-gari?
3. Don me ake rage kamar milimita 3 daga awon taga?
4. Faɗi abubuwa biyar da ya kamata a rubuta a takardar yarjejeniya.
5. Taga tana da faɗin mita 1 da tsawon mita 2, kaurin gilashinta milimita 4. Kilo nawa ne nauyinsa?
6. Kai da abokin zamanka ku tsara hira tsakanin maigida da mai aikin gilashi a kan canja luba uku da suka fashe.